Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Sayo Wa Jami'an Tsaro Sulke: Harbi Uku A Fili Bai Isa Gwaji Ba

Ranku ya daɗe, shugabannin hukumomin tsaro da 'yan kwamitin sayo kayan aiki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ku ara mini kunne a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A sito na ƙare shekarun aikina. Ni ke karɓar kaya daga hannun 'yan kwangila, in ƙirga, in sa hannu, in raba wa yara. Takalmi ya bi ta hannuna, hular kwano ta bi, rigar sulke ma ta bi, tare da farantan da ake zura mata a aljihun gaba da na baya. A kan farantan nan zan yi magana. Takalmi idan ya matse, yaro zai dawo ya faɗa mini. Faranti kuwa, mai shi ba ya sanin halinsa sai a daƙiƙar da sanin ba zai amfane shi da komai ba.

Akwai wata rana da har yau take ba ni kunya. Wani ɗan kwangila ya zo da faranti sabo fil, ko ledarsa ba a ɓare ba. Aka fita filin harbi, aka jingina shi da buhunan yashi, aka kira wanda ya fi kowa saiti a cikinmu. Tau, tau, tau. Aka ɗauko aka juya bayansa: babu huda ko ɗaya, sai wasu 'yan tuddai uku kamar an cusa ƙwai a ƙarƙashin fata. Aka yi tafi, manya suka gyaɗa kai, wani ya ce gani ya kori ji. Ni ma na tafa, ba zan ɓoye muku ba. Sai da na zauna daga baya na karanta yadda ake wannan aiki a ɗakunan gwajin da aka keɓe masa, sannan jikina ya yi sanyi. Mutumin nan shi ya zaɓo farantin, shi ya zo da harsashin a aljihunsa, shi ya auna tazarar da takunsa. Ya shirya wa kayansa jarrabawa, ya ba su amsa, mu kuma muka sa hannu a kan sakamakon.

Bari in fara da tuddan nan uku da babu wanda ya ko taɓa su da yatsa.

Idan faranti ya tare harsashi, ƙarfin da harsashin ya zo da shi ba ya tashi a iska. Farantin kan loɓa ya naushi jiki ta baya, kuma naushin yana iya karya haƙarƙari, ya ƙuje huhu, jini ya taru a ciki alhali fata ko tsagewa ba ta yi ba. Tudun da ake gani bayan an gama harbi kuma saura ne kawai, domin a lokacin dukan farantin ya shiga ciki fiye da haka kafin ya ɗan dawo. Buhun yashi ba ya riƙe wannan labari. Shi ya sa a ƙa'idar gwajin da cibiyar NIJ ta Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta shimfiɗa, wadda ita ce mafi yawan masu sayar da sulke a duniya ke jingina da ita, ake ɗaure farantin a jikin akwatin da aka cika da wani yumɓu mai maiƙo da ake kira Roma Plastilina. Yumɓun ba ya dawowa idan ya loɓa. Bayan harbi sai a cire faranti a auna zurfin ramin da ya bari, kuma iyakar da aka yarda da ita milimita 44 ce, wato ya ɗan haura faɗin yatsu biyu. Ku kwanta yatsu biyu a kan ƙashin ƙirjinku, ranku ya daɗe, ku kwatanta an danna muku shi ciki da wannan zurfi cikin ƙiftawar ido. Wannan fa shi ne farantin da ya ci jarrabawa.

Shi kansa yumɓun sai an gwada shi kafin a gwada kaya a kansa. Idan ya yi sanyi ya taurare, ramin zai fito ƙarami, faranti marar kyau ya samu shaidar da bai cancanta ba. Don haka ake ɗumama shi, sannan a sako masa ƙwallon ƙarfe mai nauyin giram 1,043 daga tsayin mita 2, sau biyar, kuma matsakaicin zurfin ramukan dole ya tsaya a kusa da milimita 19. In bai tsaya ba, ba a harbi. Ina so ku lura da wannan ƙaramin abu, domin a irinsa ake cin amana ba tare da an yi ƙarya ko ɗaya a takarda ba. Ko sojojin Amurka, da duk kuɗinsu da na'urorinsu, sun yi tuntuɓe a nan. A watan Oktoba na 2009 ofishin GAO, mai bin diddigin ayyukan gwamnati a madadin majalisar dokokinsu, ya fitar da rahoto a kan gwajin farantai da aka yi a filin gwajin sojojinsu na Aberdeen, inda ya gano an kauce wa ƙa'ida wajen tantance yumɓu, an kuma taɓa auna rami a daidai inda aka yi saiti maimakon inda ya fi zurfi. A farkon shekarar ta 2009 kuma sai da rundunar ta janye farantai sama da saiti 16,000 bayan babban mai bincike na Ma'aikatar Tsaro ya ce ba a yi musu gwajin farko yadda ya kamata ba. In haka ta faru a can, ina ga buhunan yashinmu?

Ita ma lambar 44 ɗin kada ku ɗauke ta kamar saukakkiya. Asalinta gwaje-gwajen shekarun 1970 ne, lokacin da aka sanya wa awaki rigar Kevlar, wani zare mai ƙarfi da ake saƙa sulke da shi, aka harbe su da ƙaramar bindiga, aka kwatanta raunin da suka ji da ramin yumɓu. Ƙa'idar VPAM ta Jamus milimita 25 ta tsayar. Idan farantai biyu duk sun ci gwaji, ɗaya ya bar rami 30 ɗaya ya bar 43, ai ba ɗaya suke ba, kuma wanda zai sa a ƙirjinsa ya cancanci ku san bambancin.

Sai batun harsashi. Cewa faranti "yana tare harsashi" magana ce da ba ta da kai ba ta da gindi, sai an faɗi wane harsashi, a kan wane gudu. A ƙa'idar NIJ mai lamba 0101.06 ta shekarar 2008, wadda har yanzu ita ce a manne a bayan ɗimbin farantan da ke kasuwa, an kasa sulke mataki-mataki bisa harsashin da yake tarewa: mataki na III ana gwada shi da harsashin 7.62x51 samfurin M80, a gudun mita 847 cikin daƙiƙa, harbi shida a kan kowane faranti. Mataki na IV kuma da harsashin .30-06 samfurin M2 mai taurin ciki, a gudun mita 878. Ana harba doguwar bindiga daga mita 15, kuma harsashin na ratsa na'urar auna gudu kafin ya isa. Ana ma daidaita yawan albarushin cikin kwanson don gudun ya faɗa inda ake so. Mu a ranarmu wa ya auna gudu? Bindiga mai gajeren bututu tana fitar da harsashi a gudun da bai kai na mai dogon bututu ba, tazara ma tana rage shi, tsohon harsashi kuma yana iya yin sanyi. Ɗan kwangila mai wayo ya san duk wannan, kuma ba sai ya faɗa ba.

Ga wani abu da ya kamata ya hana ku barci. A gwajin mataki na III na waccan ƙa'ida babu harsashin 7.62x39 na AK-47, babu kuma na 5.56. Mutane kan ɗauka cewa abin da ya tare babban harsashi zai tare ƙarami, alhali lamarin ba haka yake tafiya ba: gudu da irin ƙarfen da ke cikin harsashi suna canza lissafi, kuma kowane nau'in faranti, na ƙarfe ne ko na tangaran ko na matsattsiyar roba, yana da inda yake da rauni. Wannan giɓi ne 'yan kasuwa suka cike da wani suna nasu, "III+". Babu wannan mataki a ƙa'idar NIJ, kuma kowane kamfani da abin da yake nufi da alamar ƙarin. Sai a ƙarshen 2023, da aka fitar da sabuwar ƙa'ida mai lamba 0101.07, aka sauya sunayen: HG1 da HG2 na ƙananan bindigogi, RF1 da RF2 da RF3 na dogaye. A RF1 ne aka shigar da harsashin AK mai ƙarfe a ciki da 5.56 samfurin M193, a RF2 aka ƙara M855. Saboda haka kafin ku karanta abin da ke kan tambarin faranti, ku fara tambayar kanku da wace bindiga ake harbin yaranku. Amsar tana cikin rahotannin da ke kan teburanku. Ita ce ya kamata ta shiga takardar kwangila, da sunan harsashin da gudunsa.

In ɗan ratse: na taɓa ganin faranti mai tauri, ga kauri ga kyau, an rubuta masa IIIA. Wanda ya karɓa ya ga "III" ya yi murna. Harafin nan ɗaya na ƙarshe yana nufin na ƙaramar bindiga ne kawai.

Kada kuma lambar IV ta ruɗe ku. Ƙa'idar ta yarda a gwada farantin mataki na IV da harbi ɗaya tak a kan kowane faranti. Tangaran yana aikinsa ne ta hanyar farfashewa: yana ragargaza kan harsashin, shi ma ya ragargaje a wurin, sai shimfiɗar da ke bayansa ta cafke ɓaraguzan. Abin da zai faru idan na biyu ya sauka kusa da na farko tambaya ce ta daban, kuma sai kun yi ta za a ba ku amsa. Haka nan yawan harbin. A ƙa'idar 2008 ana neman harbi 24 a jere ba tare da huda ko ɗaya ba, a kan farantai da yawa, wasu harbin kuma kusa da gefe, inda faranti ya fi rauni. Bayan wannan akwai gwajin da ake kira V50, inda ake ta ƙara gudu ana ragewa har a gano gudun da rabin harsasai ke ratsawa. Shi ke nuna ko farantin ya tsallake da rata ne ko da kyar ya sha. Harbi uku a tsakiyar faranti ɗaya ba su faɗa muku ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

To, yanzu ga inda na fi so ku tsaya. Farantin da muka harba a ranar nan daga kwali ya fito. Wanda yaro zai sa kuwa zai sha rana a bayan mota, zai sha gumi da ruwan sama, za a jefo shi daga kan babbar mota, za a zauna a kansa a ci abinci. Masu tsara ƙa'ida sun san haka, shi ya sa ake wahalar da faranti kafin a harbe shi. Kwana 10 a cikin zafin digiri 65 da laima kashi 80 cikin ɗari. Sannan yini da kwana ana juya shi daga sanyin digiri 15 ƙasa da sifiri zuwa zafin digiri 90. Sannan a ɗaura masa nauyi a baya a sake shi ya faɗi da fuska a kan dandamali mai tauri, sau biyu. Sannan a nutsar da shi a ruwa na minti 30. Bayan duk wannan ne ake kai shi gaban bindiga.

Ba don nishaɗi aka ƙirƙiro wannan azaba ba, jini ne ya koyar. A shekarun 1970 wani Ba'amurke mai suna Richard Davis, wanda ya kafa kamfanin Second Chance, ya yi suna da wani irin talla: ya sa rigarsa, ya juya bindiga ya harbi kansa a gaban 'yan sanda, ya miƙe lafiya. Babu tallan da ya kai wannan shiga rai, kuma rigunansa sun ceci rayuka da dama, wannan gaskiya ne. Amma kamfanin nan ne daga baya ya sayar da riguna na wani zare mai suna Zylon, na kamfanin Toyobo na Japan, zare mai ƙarfi da rashin nauyi da ya ci gwaji yana sabo. A watan Yuni na 2003 harsashin ƙaramar bindiga ya ratsa irin wannan riga a jikin wani ɗan sanda a Forest Hills ta jihar Pennsylvania, harsashin da aka ce rigar za ta tare. A wannan watan na Yunin 2003 kuma aka kashe wani ɗan sandan a Oceanside ta California yana sanye da irinta. Da NIJ ta tattaro rigunan Zylon 103 da aka yi amfani da su ta harbe su, 60 sun huje. Zafi da laima da haske ne suke cin zaren a hankali, ido ba ya gani. Kamfanin Second Chance ya durƙushe a 2004, kuma darasin ne ya haifar da ƙa'idar 2008.

Haka labarin sulken Dragon Skin, wanda aka yi da ƙananan fayafayan tangaran jere kamar ɓawon kifi. Ya yi farin jini ƙwarai, har gidan talabijin na NBC ya nuna gwajin da ya fito da shi gwani a 2007. Sojojin Amurka kuwa suka ce a nasu gwajin na 2006 ya huje sau 13 cikin harbi 48, kuma bayan an gasa shi da zafi, gam ɗin da ke riƙe da fayafayan ya saki, suka zame ƙasa suka bar fili. A watan Agusta na 2007 NIJ ta cire shi daga jerin kayan da ta amince da su. A gaban kyamara, cikin inuwa, da sabon kaya, kowa gwani ne. Na faɗi haka ne saboda na ga yadda bidiyon waya ya fara zama hujja a ɗakin taro: ɗan kwangila ya miƙa waya, a kalli wani yana ɓarin wuta a kan faranti, a ce madalla.

Game da takardu ba zan ja ba. "An gwada bisa ƙa'idar NIJ" daban, "yana cikin jerin NIJ" daban. Na farko kowa na iya bugawa a kan leda. Na biyu ana dubawa a intanet cikin minti biyar, da sunan kamfani da lambar samfur, kuma lambar da ke jerin dole ta zama ita ce a bayan farantin, harafi da harafi. Rahoton ɗakin gwaji kuma a karɓe shi cikakke, mai ɗauke da gudun kowane harbi da zurfin kowane rami, sannan a tuntuɓi ɗakin gwajin kai tsaye a ji ko daga wurinsu ya fito. Hoton shafin farko da aka turo ta waya ba rahoto ba ne.

Amma ko takardar gaskiya ce, shaida take bayarwa a kan farantan da aka kai ɗakin gwaji a wata shekara, ba a kan waɗanda aka sauke a ƙofar sito jiya ba. Kamfani na iya canza mai kawo masa tangaran, gam na iya canzawa, dillali na iya cakuɗa kaya. Wannan ne babban roƙona gare ku: a kowace kwangila ku sa sharaɗin cewa daga kowane zubi da aka kawo, mutuminku, ba na ɗan kwangila ba, zai shiga tsakiyar tulin ya zaro wasu farantai yadda hannu ya kai, a rubuta lambobinsu, a aika da su ɗakin gwaji mai zaman kansa, kuma ba a biyan kuɗi sai sakamako ya dawo. Na san abin da mai binciken kuɗi zai ce, domin an faɗa mini a fuskata: yaya za a sayi kaya sabbi a lalata? Ku rubuta masa a kasafi tun farko, layi guda mai sunansa: farantan da za a fasa. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma faranti ba shi da wata hanyar gwaji ta ƙarshe sai a harbe shi.

Idan farantin ƙarfe kuke son saya saboda araha da juriya, ku sa a kewaye shi da kwali ta sama da ƙasa da gefe lokacin gwaji, ku dubi kwalin bayan harbi. Ƙarfe ba ya haɗiye harsashi, tarwatsa shi yake, ɓarɓashin ya bi fuskar farantin ya fantsama. Sama da faranti akwai maƙogwaro da haɓa, ƙasa da shi akwai cinyoyi, a gefe akwai damatsa. Kwalin zai nuna muku ko rufin da aka yi wa ƙarfen yana kama ɓarɓashin ko kwalliya ce. Kuma don Allah, ku haramta a rubuce gwada sulke a jikin mutum, ko da shi ya ce ya yarda.

Saura abin da ya shafi irina, masu sito. Faranti yana da ranar ƙira a bayansa, kamfanoni da yawa kuma shekara biyar suke ba da lamuni. Tangaran na iya tsagewa a ciki rufinsa na waje yana nan lafiya lau, shi ya sa rundunonin da suka ɗauki abin da muhimmanci suke ɗaukar hoton farantansu da na'urar hoton ƙashi kafin su sake raba su. Mu ba a taɓa ba mu ko takardar da ke cewa ga yadda za a duba ba. Abin da na koya da kaina shi ne in ɗaga faranti kusa da kunne in girgiza, in ƙwanƙwasa shi da wani ƙarfe in saurara, in bi gefensa da yatsa ko rufin ya fara ɗagowa. Lafiyayye kan yi ƙara tsaf. Wanda shimfiɗarsa ta rabu kan yi wata ƙara a dushe, kamar an buga tulun da ya tsage.

Wata rana wani yaro ya dawo mini da nasa don in canza masa riga, aljihun ya yage. Da na zaro farantin na girgiza, sai na ji yana ƙaras-ƙaras kamar tsakuwa a gwangwani. Na tambaye shi tun yaushe yake haka. Ya ce ya fi wata huɗu, tun ranar da ya faɗo daga mota, amma ya ga bai fashe a waje ba, kuma ya ji tsoron a ce shi ya lalata a cire a albashinsa. Wata huɗu yana fita aiki da shi a ƙirji. Na ba shi wani, na rubuta nasa a littafi a matsayin wanda ya lalace a bakin aiki, na kuwa sha tambayoyi a kan haka.

Ku fitar da umarni a rubuce cewa duk wanda ya kawo farantin da ya faɗi ko yake ƙara za a canza masa nan take, ba tuhuma, ba cirar albashi. Ku kuma tura wani ya shiga sitocinku a wannan makon, ya zaro farantai goma daga ƙasan tuli, ya karanta ranar da ke bayansu, ya girgiza su ɗaya bayan ɗaya a kusa da kunnensa.

Na gode da haƙurin karantawa. Allah ya tsare yaranmu, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Naku,
Tsohon ma'ajin kayan aiki